Taminal 2 da ke kan tikitin ƙanina, shi ne MMA2?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu tafiye-tafiye a cikinku ku taimaka min. Ƙanina ne ya samu gurbin digiri na biyu a Malesiya, kuma bai taɓa hawa jirgi ba, ko Kano zuwa Abuja bai taɓa yi ta sama ba. Wanda ya yanka masa tikiti ya ce tashi daga Legas ya fi sauƙin kuɗi, sai ya yi masa guda biyu: ɗaya daga Kano zuwa Legas da rana, ɗaya daga Legas zuwa Doha, daga can ya wuce Kuala Lumpur. A jikin na biyun an rubuta Taminal 2. Jiya kawunmu ya zo gida nan Tudun Wadan Zariya ya duba takardar, ya ce babu komai, ai wurin da ake ce wa MMA2 ne, nan jirgin Kano zai sauke shi, nan zai hau na Doha, ko akwati ba zai ja da nisa ba. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, Inna kuma tun da aka sa rana ba ta samun barci. Tsakanin saukarsa Legas da tashin na biyun awa uku da rabi ne. Maganar Kawu haka take? Kuma lokacin ya isa?

Malamin Samaru: Wa alaikumus salam. Hajiya gara da kika tambaya tun da sauran kwanaki. Kawu ya haɗa abu biyu ne da sunansu ya yi kama, kuma ba shi kaɗai ke yin haka ba. Filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja sunansa ɗaya, amma gine-ginen da fasinja ke shiga ba ɗaya ba ne. Ɓangaren cikin gida, wanda ake ce wa lokal, gini biyu ne: akwai tsohon ginin da ake ce wa GAT, akwai MMA2 wanda wani kamfani mai zaman kansa ya gina aka buɗe a 2007. Ɓangaren ƙasashen waje shi ma biyu ne: tsohon ginin da aka buɗe a 1979, da sabon da Shugaba Buhari ya buɗe a watan Maris na 2022. Wannan sabon shi ne Taminal 2 na tikitin yaron. MMA2 wurin jiragen Kano da Abuja da Fatakwal ne, na Doha ba ya tashi daga can. Kuma daga lokal zuwa ɓangaren ƙasashen waje ba tafiyar ƙafa ba ce. Sai ya jira akwatunansa sun fito, ya ɗauka, ya fito waje, ya shiga mota.

Maman Iman: Innalillahi. Malam na gode. To awa uku da rabin fa?

Malamin Samaru: Ba su isa ba, ko ɗana ne ba zan bar shi ya tafi a haka ba. Mu lissafa tare. Yawancin kamfanonin ƙasashen waje suna rufe kantar auna kaya awa ɗaya kafin tashi, saura awa biyu da rabi ke nan. Fitowar kaya daga jirgin Kano ki ware minti talatin zuwa arba'in. Neman mota da cunkoson hanyar filin jirgi ki ware wasu talatin. Kafin ya kai kanta akwai binciken kaya a bakin ƙofa da layi. Wannan fa idan jirgin Kano ya tashi a kan lokaci ne. In ya yi jinkirin awa ɗaya kacal, shi ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne tikitin biyu ne daban-daban. Da a takarda ɗaya aka haɗa su, in na farko ya makara kamfani ne zai nema masa wani jirgin. Amma a yadda suke, na Doha babu ruwansa da abin da ya faru a Kano, za a rubuta cewa bai zo ba, sai ya biya kuɗin sauyi ko ya sayi sabo.

Baffan Ƙofar Doka: Salamu alaikum. Ni ina ganin kuna tsorata yarinyar nan da uwarta fiye da kima. Mun hau jirgi tun ba a san wayar hannu ba, ba mu iya karanta abin da ke jikin tikiti ba, kuma mun je mun dawo lafiya. Matambayi ba ya ɓata. Yaro ya sauka, ya yi sallama, ya tambayi mutane ina ake hawan jirgin waje, za a nuna masa. Bakinsa shi ne taswirarsa. Sauran kuma a bar wa Allah.

Ɗan Gyallesu: Baffa Allah ya ƙara girma, ba musu nake da kai ba, amma tambayar ce ta kai ni inda na rasa jirgi. Shekara biyu da suka wuce zan tafi Masar raka mahaifina asibiti, shi ya riga ni tafiya da yayana, ni zan bi su da sauran kuɗin aiki. Na kwana a wani masauki a Ikeja. Da la'asar na tari tasi na ce masa filin jirgi, Taminal 2. Ya gyaɗa kai kamar ya sani, ya kai ni MMA2, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Na shiga na tsaya ina duba allon jirage ina neman Alƙahira, sai Abuja, Owerri, Kano, Uyo. Na tambayi wani fasinja, ya ce in jira za a sa. Na jira kusan minti arba'in. Sai da na nuna wa wata ma'aikaciya takardar ta ce ba nan ba ne, in yi sauri. Kafin in samu wata mota in ratsa cunkoso an rufe kanta. Na roƙa har da hawaye, suka ce babu yadda za su yi. Kwana biyu na ƙara a Legas, kuma kuɗin da na biya na sauya tikiti daga cikin kuɗin aikin Baba na cire. Na yi tambaya fa, Baffa, har sau biyu. Waɗanda na tambaya ne ba su sani ba, kuma ba su ce ba su sani ba.

Maman Iman: Subhanallahi. Allah ya ba Baba lafiya. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Ɗan Gyallesu: Amin Yaya. Ya samu sauƙi alhamdulillahi.

Baffan Ƙofar Doka: Allah ya ƙara masa lafiya ɗana. Amma ka ga ai a ƙarshe tambayar ce ta fitar da kai. Da ba ka nuna wa matar nan takarda ba, da kana nan tsaye.

Hajiyar Sabon Gari: Baffa ina wuni. Ni ina tsakiya a maganar nan. Shekara goma sha ina zuwa saro kaya Dubai da Alƙahira, kuma bokona bai wuce firamare ba, don haka da baki nake tafiya kamar yadda Baffa ya ce. Amma na koyi wanda ake tambaya. Ba na tambayar direba, ba na tambayar fasinja ɗan uwana, ba na tambayar masu tsayawa a bakin ƙofa suna cewa Hajiya kawo in taimaka miki. Mai kaki ko mai rataye da katin aiki a wuya nake nema, kuma ba na faɗa da baki, takardar nake miƙa masa in sa yatsa a kan sunan kamfanin jirgin. Direba kuwa ba na ce masa lamba. A Legas ce masa nake intanashinal, jirgin waje, in faɗi sunan kamfanin. Kalmar lokal da intanashinal ita suka sani. In ka ce masa 2, abin da ya saba kai mutane kullum shi zai kai ka.

Kuma Baffa, ka yi haƙuri, tafiyarku ta Hajji daban ce. Alhazan gwamnati daga sansanin alhazai na Mando a Kaduna ake kwasarsu a mota, da jami'ai a gaba da baya, da malaman bita, har cikin jirgi. Jirgin ma nasu ne su kaɗai. Babu wanda ke neman taminal. Ko 'yan jirgin yawo suna da mai kamfani da ke tsaye a kansu. Wannan yaron shi kaɗai ne da akwati biyu a garin da bai sani ba.

Baffan Ƙofar Doka: Wannan gaskiya ne Hajiya, a Hajji jagora gare mu. Na karɓi wannan. Abin da ban karɓa ba shi ne a mayar da tafiya sai mai boko da babbar waya. Tsofaffi irina da ke zuwa Umara su kaɗai fa? Su zauna a gida?

Injiniya Palladan: Baffa ba za su zauna ba, amma nauyin ya koma kan 'ya'yansu tun daga gida. Bari in ɗan yi bayanin abin da ya sa ake raba gine-ginen, don in mutum ya gane dalili ba zai rikice ba. A kwalejin jiragen sama ta nan Zariya na yi karatu, kuma na yi aiki a filin jirgi shekaru. Mai fita ƙasar waje dole ya bi ta hannun jami'an shige da fice su buga masa fasfo, ga kwastan, ga hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ga jami'an lafiya masu duba katin rigakafin shawara. Mai zuwa Abuja daga Legas babu ruwansa da buga fasfo. Shi ya sa ba a cakuɗa su. To duk ginin da ka shiga ka ga babu inda ake buga fasfo, kuma allon jirage garuruwan Najeriya kawai yake nunawa, ka san ba wurinka ba ne, kada ka jira minti ɗaya.

Sai abu uku da ke jikin takarda da mutane ke cakuɗawa. Akwai sunan filin jirgi, wanda ake taƙaitawa da haruffa uku: KAN Kano, ABV Abuja, LOS Legas, KAD Kaduna, JED Jidda, MED Madina. Akwai taminal, wato ginin da za ka shiga. Akwai get, wato ƙofar da za ka bi ka shiga jirgin. Get ba ya cikin tikitin da ejan ya ba ka, sai ranar tafiya za ka gan shi a katin shiga jirgi bayan an auna kayanka, kuma yana iya sauyawa kana zaune, don haka ido a kan allo, kunne a kan sanarwa. Na ga wanda ya ga lamba 5 a gaban get ya fita yana neman Taminal 5.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi cin masu boko: wani lokaci kamfanin da ka sayi tikitinsa ba shi ne mai jirgin ba. Kamfanoni suna haɗa gwiwa, wannan ya sayar da kujera a jirgin wancan. A ƙasan lambar jirgin za ka ga an rubuta Operated by da ƙananan haruffa, sunan da ke gaban wannan shi ne mai jirgin, kantarsa za ka nema, taminal ɗinsa za ka je.

Malamin Samaru: Injiniya ka taɓo wuri. In ƙara da cewa abin da aka buga a tikiti wata biyu da suka wuce ba lallai ya zama haka ranar tafiya ba, musamman a Legas. A 2023 an kwashe kamfanonin waje daga tsohon ginin zuwa sabon, kuma tun daga lokacin ake ta sauye-sauye saboda gyare-gyare. Wanda ya bi ta can bara ya ce maka ga inda kamfani kaza yake, da gaskiyarsa, amma labarinsa ya tsufa. Yaron ya shiga shafin kamfanin ko manhajarsu da lambar bukin ɗinsa, haruffa shida ne a saman takardar, kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya. Abin da ya gani a nan shi ne magana. In ya kasa, ya kira ofishinsu.

Maman Iman: Ina rubutawa duka wallahi. Malam lambar bukin ɗin ita ce wadda ke haɗe da haruffa da lambobi?

Malamin Samaru: Ita ce. Da ita da sunan mahaifi kamar yadda yake a fasfo. Kada ki turo ta nan zaure, duk mai ita zai iya taɓa tikitin.

Abban Sadiq: Ni tambayata ɗaya. Me ya kai ku Legas? Muna da Kano a nan kusa. Qatar na tashi daga Kano tun 2022, ga Ethiopian, ga EgyptAir, ga na Saudiyya. In ka haɗa kuɗin jirgin lokal, da kuɗin ƙarin kaya, don na lokal ba ya ba ka akwati biyu masu kilo 23 kamar na waje, da tasi, da masauki in ta kama, rarar da ake gani a tikitin Legas ta tafi. A Kano har Inna za ta iya raka shi ta sa masa albarka a bakin ƙofa. Masu yankan tikiti farashin da ke allo kawai suke nuna maka, wahalar hanya ba su ne za su sha ba.

Maman Iman: Yaya Abba wallahi ba mu yi wannan lissafin ba. An nuna mana bambancin kuɗi muka ce to. Yanzu an riga an biya.

Hajiyar Sabon Gari: Abban Sadiq maganarka gaskiya ce amma ba kullum ba. Akwai lokacin da bambancin ke da yawa sosai, kuma jiragen Kano ba kowace rana suke tashi ba, in ranar da kake so babu sai ka jira. Ni na fi bin Abuja in Kano ta ƙi. In kwana a Kaduna, in hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, daga nan mota zuwa filin jirgi ba sai na shiga cikin gari ba. A Abuja lokal da intanashinal suna harabar wuri ɗaya, ko an sauke ka ba daidai ba gyaran ba ya cin lokaci kamar Legas. Kano ma haka.

Direba Kwangila: Salamu alaikum manya. Ni ban taɓa hawa jirgi ba amma na kai mutane filin jirgin Malam Aminu Kano ba adadi. Abin da nake roƙon mutanen Zariya shi ne su daina lissafa hanya da awa biyu cif. E, daga Kwangila zuwa bakin Kano in hanya ta yi kyau awa biyu ne ko ƙasa da haka. Amma shiga gari daga Na'ibawa har ka ratsa ka kai filin jirgi wata tafiya ce, balle ranar Juma'a ko da yamma. Taya na iya fashewa a Kwanar Dangora, tirela na iya faɗuwa ta tare hanya. Sai mutum ya zo min saura awa uku jirginsa ya tashi ya ce in taka. Ba zan taka in kashe mu ba. Kuma da mun kusa nake tambaya, lokal ko na waje? Wallahi rabi sai sun kira waya kafin su ba ni amsa. Yaron nan na lokal zai shiga a Kano tunda Legas zai fara zuwa, kada ya ce min Malesiya in kai shi ɓangaren waje.

Injiniya Palladan: Direba ya kawo abin da na manta. Kuma Hajiya wane wata ne tafiyar?

Maman Iman: Farkon Janairu in sha Allah.

Injiniya Palladan: To ga wani dalilin kuma. Tsakiyar hunturu ne, lokacin hazo. In ƙura ta rufe Kano matuƙi ba ya ganin titin sauka, jirgin da zai zo ya ɗauke su ba zai sauka ba, sai a yi ta ɗagawa ko a soke. Ba laifin kowa ba ne, dokar kiyaye rai ce. Duk mai haɗa jirgin Kano da na waje a rana ɗaya a Disamba ko Janairu ya ɗauki kasada babba. Ku mayar da na lokal ɗin ya zama kwana ɗaya kafin, ya kwana a Legas.

Auta Hanwa: Abin da ke ba ni takaici shi ne a garinmu ake koyar da tuƙin jirgi tun 1964, kullum ƙananan jirage na shawagi a kanmu, amma sai mun je Kano ko Abuja. Ko Kaduna ma da ke kusa, ban da lokacin Hajji jirgin waje ba ya zuwa.

Abban Sadiq: Ya taɓa zuwa Auta. A 2017 da aka rufe filin Abuja na mako shida don gyaran titin jirgi, Kaduna aka karkato, kuma Ethiopian ta riƙa sauka a can. Sauran kamfanonin waje ne suka ƙi. Filin Zariya kuwa na koyarwa ne, ba a gina shi don manyan jiragen fasinja ba.

Shugaban Zaure: Jama'a mu dawo kan tambayar Maman Iman, maganar filin Kaduna a buɗe mata nata zaren. Baffa ya yi tambaya a kan tsofaffi masu zuwa Umara kuma ba a ba shi amsa sosai ba.

Hajiyar Sabon Gari: Baffa tafiya ba ta cika ba da wahala ba, dawowa ce matsalar, kuma Jidda ce. Filin Sarki Abdul'aziz yana da sabon Taminal 1, wanda jirgin ƙasan Haramain mai haɗa Makka da Madina ke shiga har cikinsa, yana da Taminal na Arewa, yana da na alhazai mai rufi kamar tantuna. Tsakaninsu tafiyar mota ce mai nisa. Direban da ya ɗauko ka daga Makka in ka ce masa matar kawai, wato filin jirgi da Larabci, inda ya ga dama zai ajiye ka, ga jarkar zamzam ga akwatuna ga tsufa. Na tarar da wata dattijuwa 'yar Giwa zaune a kan kayanta a Taminal 1 tana kuka, jirginta a wani ginin yake. Allah ya sa da sauran lokaci, muka sa ta a tasi, na rubuta wa direban a takarda.

Abin da nake yi wa mahaifiyata in za ta tafi ba da ni ba: ina sa a rubuta mata a kati da manyan haruffa, sunan kamfani, lambar jirgi, rana, lokaci, taminal, na tafiya a gaba na dawowa a baya, a ƙara da Larabci a na dawowar. A sa a jakar wuyanta tare da fasfo. Ba sai ta karanta ba, nunawa kawai za ta yi. Kuma tun wurin yankan tikiti nake cewa a nema mata keken guragu. Ba kuɗi ake biya ba, kuma ma'aikacin da ke tura ta shi zai kai ta har ƙofar jirgi, a inda za a yada zango ma wani zai karɓe ta. Tsofaffinmu suna jin kunyar keken, suna cewa ƙafarsu lafiya. Filin Doha ko Adis Ababa ba wurin gwada ƙafa ba ne ga mai shekara saba'in.

Baffan Ƙofar Doka: To wannan magana ce. Katin nan ya yi min. Kin ga ai tambayar ce dai, sai dai takarda ce ke yin ta maimakon baki. Allah ya yi miki albarka. Keken kuwa sai na yi shawara.

Hajiyar Sabon Gari: Amin Baffa. Sai abu ɗaya da ya ci wata abokiyar tafiyata a Dubai, ba na so ya ci yaron nan. Jirginmu 01:30 na ranar Talata. Ita ta ɗauka daren Talata ne, ta yi ta sayayyarta a Deira. Alhali ɗaya da rabi na daren Litinin ne, wayewar Talata. A lissafinsu rana na sauyawa ne da sha biyun dare. Ni ina filin jirgi tun goman daren Litinin ina kiranta, tana ce min ai gobe ne. Dubai ɗin ma taminal uku ne: na 3 na Emirates, na 1 na sauran kamfanonin waje, na 2 kuma yana can ɗaya gefen filin, jirgin ƙasan cikin gari da ke tsayawa a 1 da 3 ba ya kai ka ƙofarsa. Sharja kuma filinta daban ne gaba ɗaya, wasu tikitin masu araha can suke.

Maman Iman: Na duba yanzu. Na Doha zuwa Malesiya ƙarfe biyu da wani abu na dare ne. Wannan ma sai an fita an sake neman gini?

Malamin Samaru: A'a, nan hankalinki ya kwanta. Doha gini ɗaya ne, kuma tunda tikiti ɗaya ne daga Legas har Kuala Lumpur, kayansa za su wuce da kansu, katin shiga jirgi biyu za a ba shi tun Legas. Ya sauka ya bi alamar masu sauya jirgi, kada ya bi masu fita gari, ya duba get a allo. Lokacin da ke jikin tikiti agogon garin ne, Doha tana gabanmu da awa biyu, Malesiya da awa bakwai, ya gyara agogonsa da ya sauka. A Kuala Lumpur ne zai sake kula. Na yi shekara huɗu a Serdang kusa da Kuala Lumpur, na sha zuwa tarbar ɗalibai. Filin yana da Taminal 1 na manyan kamfanoni, da Taminal 2 wanda aka fi sani da klia2, na jiragen araha irin AirAsia. Jirgin ƙasa ke haɗa su. Shi a na 1 zai sauka, ya gaya wa mai zuwa ɗaukarsa haka ƙarara, don zai sauka babu layin waya. Ya buga takardar shiga makaranta da adireshin masauki a takarda, kada ya dogara da waya kaɗai, caji na ƙarewa.

Injiniya Palladan: Kuma don Allah a ja masa kunne: kada ya karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko ƙwayar dabino ce, ko mai bayarwar ya yi kama da kakansa. Kada ya bar akwatinsa a hannun wanda bai sani ba ya tafi alwala. Malesiya da Saudiyya ba sa wasa da maganar ƙwaya, kuma sunan da ke jikin kaya shi ake kamawa.

Ɗan Gyallesu: Yaya in kun yanke zai kwana a Legas, ki yi min magana ta gefe. Akwai ɗan unguwarmu da ke zaune a Agege, shi ya riƙe ni kwana biyun nan da na faɗa. Zai tarbe shi a lokal, ya kwana wurinsa, washegari ya kai shi har ƙofar intanashinal.

Maman Iman: Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Jiya mun je wurin mai tikitin ni da ƙanina. An mayar da na Kano zuwa Legas ya zama ranar da ta gabata, jirgin safe, mun biya kuɗin sauyi da na ƙarin akwati ɗaya. Ya shiga shafin kamfanin da lambar bukin kamar yadda Malam ya ce, Taminal 2 na ɓangaren ƙasashen waje ya nuna, kuma zai sake dubawa ana gobe tafiya. Mun yi waya da mutumin Agege, ya ce ba komai. Na karanta wa Inna duk abin da kuka rubuta, ta sa albarka, ta ce a rubuta masa katin Hajiya duk da ya yi boko. Kawu ma na nuna masa, ya ce shi tun da yake zuwa Legas MMA2 kawai ya sani. Direba, jirgin Kano ƙarfe goma na safe ne. Ƙarfe nawa za mu tashi daga Tudun Wada? Inna za ta bi mu.

Direba Kwangila: Ana idar da Asuba Hajiya. Ku haɗa kaya tun dare, zan zo ƙofar gida biyar da rabi. A sa wa Inna rigar sanyi, hanya akwai hunturu.